Asusun Biyan Kuɗi ta Intanet: Yadda Ake Buɗe Shi da Yadda Ake Tsare Shi

Jawabin da aka gabatar a wurin babban taron shekara-shekara na ƙungiya



GABATARWA

Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar in tsaya a gaban iyayena da yayyena in yi wannan bayani. Ba don na fi kowa sani aka zaɓe ni ba, sai don na ɗan daɗe ina hulɗa da harkar ajiyar kuɗi, na kuma ga hawayen mutane da dama waɗanda aka raba su da guminsu cikin ƙiftawar ido.

Dattawan da ke nan ba su manta yadda ake aiko da kuɗi gida a da ba. Mutum zai je tasha da sassafe, ya nemi direban da ya sani, ya damƙa masa ambulan, ya koma yana zullumi har sai an aiko masa da labarin cewa saƙo ya iso. Falke kuwa in zai tafi fatauci sai ya ɗaure kuɗinsa cikin lalita a kwankwaso, ya kwana da ido ɗaya saboda 'yan fashi. Yau wanda ke Legas yana iya biyan kuɗin maganin mahaifiyarsa a nan garin kafin ya ƙare shan kofin shayi. Wannan sauƙi ne babba. Amma ɓarawon da ke tare hanya a da, shi ma ya sake salo. Ba ya ɗauke da adda ko bindiga. Waya yake bugowa da lallausar murya, ya gaishe ka da girmamawa, ya roƙe ka ka miƙa masa mabuɗin ajiyarka da hannunka.

Saboda haka jawabina zai tsaya ne a kan magana guda: asusun da ke cikin wayarka rumbu ne mai mabuɗai uku, wato layin wayarka da lambar sirrinka da lambar nan ta wucin gadi da ake turo maka. Wanda ya buɗe asusunsa da sunansa, ya kuma riƙe mabuɗan nan uku shi kaɗai, ya toshe mafi yawan ƙofofin da ake bi a cuci mutane.

YADDA AKA FARO

Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan ne a shekarar 2001. A 2011 hukumar NIBSS, wadda ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ta ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take daga wani banki zuwa wani. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, sannan aka faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi, ciki har da Kano, a 2013. A watan Fabrairu na 2014 aka fito da lambar tantancewa ta BVN, wadda ke ɗaure duk asusun mutum da hoton yatsunsa da fuskarsa.

Duk da haka, yawancinmu a karkara ba mu damu da waɗannan sauye-sauye ba sai da aka zo canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a ƙarshen Janairun 2023, daga baya aka ƙara kwana goma. Kowa a nan ya tuna abin da ya biyo baya: layi a ƙofar banki tun asuba, da sayen naira da naira, da mai hatsi da ya rasa mai saye saboda babu tsaba a hannun kowa. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 kafin tsofaffin takardu suka dawo hannun jama'a. A cikin waɗancan watanni ne mai shayi da mahauci da mai kayan miya da ɗan acaɓa suka buɗe asusu a waya ba shiri. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Matsalar ita ce da yawa an buɗe su cikin gaggawa, a hannun wasu, ba tare da mai asusun ya san abin da aka cike da sunansa ba. Gyaran wannan kuskure na daga cikin dalilan tsayuwata a nan.

MENE NE ASUSUN BIYAN KUƊI TA INTANET?

Shi ne ajiyar da mutum yake sarrafawa daga wayarsa ko kwamfutarsa, ya karɓi kuɗi, ya tura, ya sayi katin waya, ya biya kuɗin wuta da na makaranta da na jarrabawa, ba tare da ya taka ƙofar banki ba. Masu ba da wannan hidima iri-iri ne. Akwai manyan bankunan kasuwanci da muka sani, kowanne da manhajarsa da kuma lambobin da ake latsawa a ƙaramar waya. Akwai ƙananan bankuna masu aiki ta intanet, irin su Moniepoint da Kuda. Akwai kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, irin su OPay da PalmPay da Paga. Akwai kuma waɗanda kamfanonin sadarwa suka kafa a 2022, wato MoMo na MTN da SmartCash na Airtel. Ban zo tallar kowa ba, na ambace su ne don a san ajin da kowanne yake.

Sanin ajin yana da amfani saboda inshora. Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe. A 2024 ta ɗaga iyakar abin da take lamuncewa kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, da naira miliyan 2 a ƙaramin banki, da naira miliyan 5 ga mai ajiya a kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya. An ga amfanin wannan a watan Yuni na shekarar, lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage. Sai dai a lura da kyau: wannan inshora ta rushewar banki ce kawai. Ba ta biyan wanda ya faɗa wa ɗan damfara lambar sirrinsa.

YADDA AKE BUƊE ASUSU

Na farko, a tabbatar kamfanin yana da lasisin Babban Banki. Sunayen masu lasisi suna nan a shafin Babban Banki na intanet. Wanda ba ya iya dubawa ya sa ɗansa ko ƙanensa mai ilimi ya duba masa. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a sauko da manhajar daga rumbun manhajoji na asali, wato Play Store ko App Store. Kada a karɓi manhajar banki da wani ya turo ta WhatsApp, ko wadda aka tura daga wata waya zuwa wata. Akwai manhajojin jabu masu kama da na gaskiya sak, aikinsu kawai su kwashe abin da ka rubuta.

Na uku, a yi amfani da layin wayar da aka yi wa rajista da sunan mai asusun da lambarsa ta NIN. Wannan shi ne ginshiƙin ginin gaba ɗaya, don ta wannan layin ne za a riƙa turo sanarwar shiga da fitar kuɗi da lambobin tabbatarwa.

Na huɗu, a tanadi BVN da NIN, kowacce lamba 11 ce. A watan Disamba na 2023 Babban Banki ya ba da umarnin cewa asusun matakin farko sai an haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, na mataki na biyu da na uku kuwa sai da duka biyun. Matakan nan uku suna bin yawan bayanan da mutum ya bayar ne. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2017 ga asusun waya, na matakin farko ba ya riƙe abin da ya wuce naira 300,000, na biyu naira 500,000, na uku kuwa babu iyaka. Don haka ɗan kasuwar da ke sa ran kuɗin shanu ko na buhunan hatsi ya ɗaga matakin asusunsa tun kafin ranar kasuwa, kada kuɗi su maƙale a hanya. A kuma tabbatar sunan da ranar haihuwar da ke jikin BVN sun yi daidai da na NIN. Saɓanin harafi ɗaya, kamar Muhammad a nan da Mohammed a can, ya isa ya jawo wa mutum zirga-zirgar makonni.

Na biyar, mai asusun shi ne zai tsaya a ɗauki hoton fuskarsa, shi ne kuma zai zaɓi lambar sirrinsa da kansa.

A kan wannan gaɓa zan ba da labarin wani dattijo ɗan'uwana, ba a garin nan yake ba. A lokacin canjin kuɗi ya je wurin wani yaro mai POS ya ce a buɗe masa asusu. Da yake wayarsa ƙarama ce, yaron ya yi amfani da wani layi nasa, ya zaɓi lambar sirri, ya rubuta wa dattijon lambar asusun a takarda. 'Ya'yansa suka shiga turo masa kuɗin cefane ta nan. In yana bukata sai ya je wurin yaron a ba shi. Bai taɓa ganin sanarwa ko ɗaya ba, don ba wayarsa take zuwa ba, bai kuma san nawa ya shiga ko nawa ya fita ba. Ranar da yaron ya tattara ya bar garin, sai aka tarar asusun da sunan dattijo yake, amma duk mabuɗansa suna aljihun wani. Da aka yi lissafi da 'ya'yan, abin da suka turo ya ninka abin da ya isa hannun mahaifinsu. Ba ina cewa masu POS duk haka suke ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne masu amana, kuma sun ɗauke mana wahala mai yawa. Amma amana daban, tsari daban. Kowa ya koma gida yau ya bincika: asusun mahaifina da na mahaifiyata, da layin wa aka buɗe su?

MABUƊAI UKU

Mabuɗi na farko shi ne layin waya. Mutane da yawa suna kulle fuskar wayarsu, amma ba su san cewa ɓarawo zai iya zare layin ya sa a wata waya ba. Da zarar ya yi haka, saƙonnin bankinka nasa ne. Yana ma iya latsa *565*0# ya ga lambarka ta BVN, kamar yadda kai ma kake iya yi. Maganin wannan yana da sauƙi, kuma kyauta ne: a sa wa layin kansa lambar kulle, ta yadda duk lokacin da aka kunna waya ko aka canza masa gida sai ya nemi lambar. A yi hattara wajen sawa, domin kuskure sau uku yana toshe layin, sai an nemo lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi. Haka kuma kada a yi watsi da layin da aka haɗa da asusu. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan sake sayar da shi ga wani. Wanda zai canza layi ya fara zuwa banki a sauya masa lambar.

Mabuɗi na biyu shi ne lambar sirri. Kada ta zama shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka, ko 1234, ko 0000, domin waɗannan ɓarawo ke fara gwadawa. Kada a rubuta ta a bayan katin ATM, kada a ajiye ta cikin saƙonnin waya. Lambar buɗe waya ta bambanta da ta tura kuɗi. A wurin mai POS, kai ne za ka latsa da hannunka, ka kare da ɗaya hannun, ka duba adadin da ke fuskar na'urar kafin ka latsa. Katinka kuma kada ya ɓace wa idonka, saboda dogayen lambobin gabansa da ranar ƙarewarsa da lambobi uku na bayansa suna iya isar wani ya gwada sayayya da shi a intanet.

Mabuɗi na uku shi ne lambar wucin gadi da ake kira OTP. Gajeriyar lamba ce, galibi shida, da banki ke turowa don ya tabbatar cewa kai ne kake son fitar da kuɗi ko shiga asusu daga sabuwar waya. In ta shigo maka alhali ba ka nemi komai ba, to wani ne yake tsaye a ƙofar rumbunka, ita kaɗai ta rage masa. Babu ma'aikacin banki, ko na Babban Banki, ko na kamfanin waya, ko jami'in gwamnati da aikinsa ya ba shi damar tambayarka lambar sirri ko OTP. Duk wanda ya tambaya, ko da ya kira sunanka da na mahaifinka, ɓarawo ne. Ka kashe wayarka.

DABARUN 'YAN DAMFARA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da 'yan damfara ke nema a jikin ɗan'adam guda uku ce: tsoro da kwaɗayi da kunya. Ga kaɗan daga cikin hanyoyinsu.

Akwai kiran tsoratarwa. Za a ce an rufe asusunka saboda matsalar BVN, in ba ka faɗi lambar da aka turo maka yanzu ba kuɗinka sun tafi. Ni kaina an taɓa kirana haka, da Hausa garau, har da tambayar iyali. Alamar da ke tona asirinsu ita ce gaggawa: ba sa son ka ajiye waya ka yi shawara da kowa. Banki na gaskiya zai ce ka zo ofis.

Akwai tallafin bogi. Saƙo zai shigo cewa an zaɓe ka cikin masu samun tallafin gwamnati ko rancen manoma ko gurbin aiki, ka latsa wani shuɗin rubutu ka cike bayananka, ko ka biya kuɗin fom. Shafin da zai buɗe nasu ne, duk abin da ka rubuta a gabansu yake sauka. Mai ba ka kuɗi lambar asusunka kawai yake bukata, wato lambobin nan goma. Ba ya bukatar lambar katinka ko ta sirrinka.

Akwai sanarwar ƙarya, wadda ta fi addabar 'yan kasuwa. Mutum zai ɗauki kaya, ya nuna maka rasit a wayarsa, ko ma saƙo ya shigo wayarka mai kama da na banki, alhali ko sisi bai shiga ba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ka buɗe manhajarka ka ga jimillar kuɗinka ta ƙaru kafin kaya su bar rumfa. In ya ce matsalar sabis ce, ya zauna ku jira tare.

Akwai sace WhatsApp. Wani zai kira ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa ka a ciki. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ya same ta sai ya zama kai, ya bi 'yan'uwanka da abokanka ɗaya bayan ɗaya yana cewa kana asibiti, a taimaka a tura kuɗi wani asusu. Ƙungiyoyi irin tamu su ne abincinsu, don mun yarda da juna. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ɗinsa. Kuma duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, a kira shi a ji muryarsa, a kuma duba ko sunan da ke jikin asusun nasa ne.

Akwai kasuwar ninka kuɗi. An ga yadda MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, aka sake ganin irin haka da CBEX a watan Afrilu na 2025. Tsarin iri ɗaya ne kullum: da kuɗin na baya ake biyan na gaba, har ranar da sababbin shiga suka ƙare. Na farko da aka biya shi ne ke jawo danginsa da zuciya ɗaya. Hukumar SEC ce ke yi wa kamfanonin zuba jari rajista. Wanda ba ya cikin rajistarta a guje shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma aron asusu, kuma ina kira ga matasanmu musamman. Wani zai ce ka ba shi lambar asusunka a turo masa kuɗi, ya ba ka wani abu a ciki, ko ya saye asusun ɗungurungum. In kuɗin na sata ne ko na fansa, sunanka da hotonka da BVN ɗinka ne jami'an tsaro za su tarar, kuma ƙofar gidanku za su buga. Haka nan a yi hankali da manhajojin bashi masu neman izinin shiga jerin lambobin wayarka. An sha ganin waɗanda suke aika wa surukan mutum da abokansa saƙon cin mutunci saboda bashin da bai taka kara ya karya ba, har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta ɗauki mataki a kansu a 2022.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

Kuɗin da aka sata ba sa kwana a wuri ɗaya. Cikin mintoci ake rarraba su zuwa wasu asusu a cire. Don haka sa'ar farko ta fi kowace muhimmanci.

Wanda wayarsa ta ɓace, ko ya gane ya faɗi lambar da bai kamata ba, ya fara da toshe asusun. Yawancin bankuna da kamfanonin nan suna da lambar gaggawa da ake latsawa daga kowace waya a dakatar da fitar kuɗi. Kowa ya tambayi tasa tun yau, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida tare da lambar kiran bankin. Kada a nemi lambar banki a Facebook, domin akwai shafukan jabu da ke jiran mai neman taimako su ƙarasa shi. Bayan haka a je ofishin kamfanin waya a rufe layin a karɓi sabo. Sannan a kai ƙorafi banki a rubuce, da ranar da abin ya faru da adadin kuɗin da doguwar lambar shaida da ke jikin rasit, a kuma karɓi lambar ƙorafi. A sanar da 'yan sanda ko hukumar EFCC. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana iya ɗaukaka ƙarar zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba ita ce, ba kullum ake dawo da kuɗin ba. Ko kuskuren tura kuɗi ga wani asusu, mayarwar takan bukaci yardar wanda ya karɓa ko umarnin kotu. Shi ya sa ake so mutum ya karanta sunan da ya fito a fuskar waya kafin ya sa lambar sirri. In kuɗin masu yawa ne, kuma karon farko ne, a fara tura kaɗan a ji sun isa.

Abu na ƙarshe a nan shi ne kunya. Da yawa in an damfare su sai su yi shiru don kada a ce ba su da wayo. Shirun nan ne ke ba ɓarawo damar cin maƙwabci da dabarar da ya ci ka da ita. An damfari malaman jami'a, an damfari ma'aikatan banki. Faɗar abin da ya same ka taimako ne ga jama'a.

SHAWARWARI

Ranka ya daɗe, shugaban taro, ina neman izini in ajiye shawarwari biyar.

1. Kuɗin ƙungiya da na kowane aikin gayya, na rijiya ne ko na gyaran aji ko na jinya, su riƙa shiga asusun da aka buɗe da sunan ƙungiya, mai masu sa hannu aƙalla biyu. Tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa, yana jawo zargi, kuma in ya faɗi ya rasu kuɗin sai su cakuɗe da gado.

2. A buga lambar asusun ƙungiya a wannan mujalla, a kuma sanar cewa ba a canza ta ta hanyar saƙon waya.

3. A ware rana guda, matasanmu masu ilimi su zauna da iyaye maza da mata, a duba layin da aka buɗe wa kowa asusu da shi, a sa wa layuka kulle, a canza lambobin sirrin da wasu suka sani. Mai taimako ya kau da kai lokacin da dattijo ke latsa lambarsa. A samu mata su zauna da mata.

4. Mai juya kuɗi da yawa ya raba ƙafa: ƙaramin asusu na cefane da ciniki a wayar da yake yawo da ita, babbar ajiya kuma a wani asusun da ba a shiga kasuwa da shi. A kuma rage iyakar abin da ake iya fitarwa a rana, domin manhajoji da yawa suna ba da wannan dama.

5. Kowane magidanci ya rubuta sunayen wuraren da yake da ajiya, ban da lambobin sirri, ya ajiye inda iyalinsa za su gani. Asusun waya ba shi da littafin ajiya da za a tsinta a ƙarƙashin katifa, kuma haƙƙin marayu yana iya salwanta don kawai ba wanda ya san da shi.

KAMMALAWA

Jama'a, ban yi wannan bayani don in tsorata kowa ya koma binne kuɗi a tukunya ba. Tsabar kuɗi ma gobara na cin ta, gara na cin ta, ɗan fashi na bin ta. Asusun waya ya rage mana haɗarin hanya, ya kusanto da na nesa, ya ba matan da ke sana'a a cikin gida damar karɓar kuɗinsu kai tsaye. Abin da ake bukata shi ne mu riƙe shi yadda kakanninmu suka riƙe mabuɗin rumbu. A buɗe shi da sunanka da layinka. A kulle layin. Lambar sirri da OTP su tsaya tsakaninka da wayarka. Duk wanda ya zo maka da gaggawa, ka ce masa sai ka yi shawara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina roƙon duk wanda ya saurari wannan jawabi ya isar da shi ga mutum uku da ba su samu zuwa ba, ya fara da iyayensa. Inda na yi kuskure a gafarce ni, a kuma gyara mini. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.